Digirin digirgir a saikolojin lafiya: PhD zan yi ko na koyon aiki a asibiti?

Wata ƙanwarmu ce ta turo tambaya, tace ta gama digirin farko a saikoloji, ta yi bautar ƙasa, yanzu tana aiki da wata ƙungiya mai kula da masu ɗauke da cutar ƙanjamau, burinta ta kai matakin dakta a fannin saikolojin lafiya amma kanta ya ɗaure, makarantun Ingila wasu suna cewa PhD wasu suna cewa na ƙwarewar aiki ne, a Amurka kuma ta ga wani wai shi PsyD. Wanne zata nema, kuma in ta gama zata iya duba marasa lafiya a asibiti?

Toh ƙanwata bari in fara da ta ƙarshen tunda ita ce mai sauƙi. Za a kira ki dakta amma ba likita zaki zama ba, ba zaki rubuta magani ba, ba allura ba tiyata. A Amurka akwai wasu jihohi ƙalilan irin New Mexico da Louisiana da suka yarda masanin saikoloji ya rubuta wasu magunguna bayan ya ƙara wani karatun na daban, wannan kuma wata hanya ce can, ki ajiye ta gefe. Marasa lafiya kam zaki gansu, amma aikinki shine abinda yake faruwa tsakanin lokacin da likita ya rubuta magani da lokacin da mutum ya koma gida. Mai hawan jini ya sha magani sati biyu kansa ya daina ciwo sai ya ajiye yace ya warke, mai ciwon suga an hana shi abu kaza amma tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan, wanda aka ce sai an fara masa wankin ƙoda ya gudu ya koma wajen mai maganin gargajiya sai da jiki ya kumbura aka dawo dashi a kwance, matashin da aka haifa da ƙanjamau ya kai shekara 16 ya gaji da haɗiyar ƙwaya kullum, wannan na ƙarshen ma kin fi ni saninsa tunda kina ganinsu a wurin aikinki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2003 cewa a ƙasashen da suka ci gaba ma kusan rabin masu doguwar jinya ne kawai suke shan magani yadda aka ce musu. Wannan giɓin shine gonar mai saikolojin lafiya. Shi kuma mai saikolojin asibiti, wato wanda muka saba gani a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Kware ko Dawanau, ya fi karkata ga ciwon damuwa da taɓin hankali da shaye-shaye. Suna haɗuwa a wurare da yawa amma horonsu daban, takardarsu daban.

Fannin ma ba tsoho bane. A 1977 ne wani likita Ba'amurke George Engel ya rubuta cewa likitanci yana kallon jiki kawai ya manta da tunanin mutum da jama'ar da yake rayuwa a cikinsu, shekara ɗaya bayan nan, 1978, ƙungiyar masana saikoloji ta Amurka, APA, ta buɗe sashe na 38 domin wannan fanni, Joseph Matarazzo ya zama shugabansa na farko. Ingila sai 1997 ta mayar dashi cikakken sashe a ƙungiyar masana saikolojinta, BPS. Shiyasa har yanzu in kika ce wannan kike karantawa ko a cikin ma'aikatan asibiti sai kin yi bayani.

Yanzu ga abinda nake so ki riƙe kafin ki cike fom ko ɗaya. Digirin ƙwarewar aiki ba ilimi kaɗai ake sayar miki ba, hanyar samun lasisin aiki ce a wata ƙasa takamaimai. Na Ingila an gina shi ne don ki yi rajista da HCPC, hukumarsu mai yi wa ma'aikatan lafiya rajista, na Amurka don ki samu lasisin wata jiha. Saboda haka tambayar ba wanne ya fi girma bace, duka matakin dakta ne, tambayar ita ce a ina zaki zauna ki yi aiki bayan kin gama. Mutane da yawa suna juya abin, su fara neman admishin sannan daga baya su yi tunanin inda takardar zata yi musu amfani.

A Ingila hanyar mataki biyu ce amma akwai ƙofa kafin matakin farko. Dole BPS ta amince cewa digirinki na farko ya ƙunshi saikoloji yadda suke so, abinda suke kira GBC. Wanda ya yi karatu a waje zai tura musu takardar sakamakonsa ta kowane kwas su duba da kansu, in suka ga bai cika ba sai ya yi wani kwas na shekara ɗaya na cike gurbi, kuma wannan kwas ɗin shine hanyar nas ko mai ilimin zamantakewa ko likita da yake son shigowa fannin. Sai mataki na ɗaya, mastas a saikolojin lafiya wanda BPS ta tantance, shekara ɗaya in cikakken lokaci ne. Ki lura da maganar tantancewar nan don Allah, akwai mastas masu suna iri ɗaya sak da basu da ita, ki biya kuɗi ki gama sannan a ce miki ba zaki wuce mataki na biyu dashi ba.

Mataki na biyu shine wanda kike tambaya a kai. Aƙalla shekara biyu na cikakken aiki ƙarƙashin sufabaiza wanda shi ma yana da rajista, ko ki bi ta jami'a, wato digirin ƙwarewar da makarantu irin Staffordshire da Liverpool John Moores da UWE ta Bristol da Glasgow Caledonian da Stirling suka saba bayarwa, ko ki bi ta hanyar BPS kai tsaye ki nemo sufabaiza da kanki. Ta jami'a ce ke baki sunan dakta, ta BPS tana kai ki ga rajista amma ba digirin jami'a bace. Kowacce kika bi abubuwa biyar za a nema ki nuna kin iya, kuma ba a jarrabawar aji ake nunawa ba, a aikin gaske ne da mutanen gaske, ki tara shaida a kundi ki kare shi a gaban masu jarrabawa baki da baki.

Bincike yana ciki, yawanci nazari ɗaya na tattaro duk abinda aka taɓa bincikowa kan wata matsala bisa tsari, da bincikenki na kanki wanda ya kai a buga a mujalla. Koyarwa tana ciki, misali ki horar da nas-nas yadda ake magana da mai shan sigari ba tare da an yi masa wa'azi ba, ki auna ko horon ya yi aiki. Akwai ɗa'ar aiki, sirrin mara lafiya, sanin iyakarki, da logbuk da zaki dinga cikewa kina rubuta abinda kika yi da abinda kika koya, wannan mutane suna raina shi sai ƙarshe ya zo ya tsaya musu a wuya. Akwai taimaka wa mutum ya canza ɗabi'a, ki zauna da mutum ɗaya ko rukuni, ki gano me ke hana shi, ki tsara abinda za a yi, ki yi, ki auna sakamako. A nan ne zaki koyi irin hirar da William Miller ya fara bayyanawa a 1983 wadda ake barin mutum ya fito da dalilin canjinsa da bakinsa maimakon a dinga ɗura masa, da tsarin COM-B na su Susan Michie na 2011 wanda yake tambayar abu uku kafin a zargi kowa da taurin kai, shin ya iya, shin yana da damar yi, shin yana so.

Na biyar ɗin shine wanda na ga ya fi wahalar da ɗalibai, aikin ba da shawara ga wata hukuma ko ƙungiya. Ba wai ki basu shawara a baki bane, sai wani wanda ba shugabanki ba ya kawo miki matsalarsa, a ce asibitin ƙoda sun ce marasa lafiyarsu basa zuwa ranar da aka basu, ku zauna ku yi yarjejeniya a rubuce, me zaki yi, a wane lokaci, nawa zai ci ko da ba za a biya ki ba, ki yi aikin ki miƙa rahoto sannan su faɗi ko ya amfane su. Ɗalibar da duk rayuwarta aji da laburare ta sani a nan take gane cewa samun wanda zai yarda ya danƙa mata matsalarsa ma wani aiki ne. Ke da kike aiki da ƙungiya kina da fifiko a nan fiye da yadda kike zato, kin san yadda ake rubuta rahoto ga masu ba da kuɗi, kin san yadda ake lallaɓa shugaban asibiti.

A nan gizo ke saƙar, wurin koyon aikin. Yawancin waɗannan makarantu basa nemo miki wuri, ke zaki zo da aikinki a hannu, ko na albashi ko na sa kai, wanda zai baki damar yin abubuwa biyar ɗin nan, wasu ma ba zasu kira ki hira ba sai kin nuna wasiƙar wurin. Ɗan ƙasa yana iya riƙe aikinsa a sashen daina shan sigari ko rage ƙiba na NHS, wato hukumar asibitocin gwamnatinsu, ya dinga zuwa makaranta jefi-jefi, ke kuma mai bizar ɗalibi awa 20 a sati aka yarje miki ki yi aiki lokacin karatu, in kuma kwas ɗin na rabin lokaci ne bizar bata yarda da aiki ba sam har da na koyo. Kinga kenan takardar admishin kaɗai bata warware komai ba. Kuɗi ma haka, kar ki haɗa shi da digirin saikolojin asibiti nasu, DClinPsy, wanda NHS ke biyan kuɗin makaranta ta kuma ba ɗalibi albashi shekara uku, shi na lafiya yawanci daga aljihunki ne, Scotland ce ta daɗe tana ɗaukar 'yan kaɗan tana biyansu, kuma rububin da ake yi a kai ba kaɗan bane. Sikolashif ɗin Chevening mastas na shekara ɗaya kawai take biya, zata iya kai ki mataki na ɗaya amma da sharaɗin ki dawo gida shekara biyu, ta Commonwealth kuma a matakin dakta PhD ta sani. Ga kuɗin inshorar lafiya fam 776 kowace shekara ga ɗalibi. In kina da miji da yara ki san cewa tun Janairun 2024 mai mastas na aji ba ya tafiya da iyali, sai mai karatun bincike ko na dakta.

Amurka tsarinta daban ne, babu mataki ɗaya mataki biyu. In kina son ganin marasa lafiya, digirin saikolojin asibiti zaki shiga wanda APA ta tantance sannan ki karkata ga ɓangaren lafiya a ciki, kamar yadda ake yi a Jami'ar Florida ko Miami ko Pittsburgh. PhD ɗinsu ya samo asali daga taron Boulder na 1949 inda aka ce a horar da mutum ya zama mai bincike kuma mai aiki lokaci guda, PsyD kuma taron Vail na 1973 ne ya ƙarfafa shi don waɗanda aiki suka fi so. A aikace bambancin da zai taɓa ki shine kuɗi. PhD mai kyau yawanci suna yafe kuɗin makaranta su baki ɗan alawus, amma mutum biyar zuwa goma suke ɗauka a shekara cikin ɗaruruwa, PsyD ya fi sauƙin shiga amma ke zaki biya kuma 'yan ƙasar ma da bashi mai nauyi suke fitowa, gaskiya ban ga hikimar baƙo ya shiga wannan ba sai in gidansu akwai rijiyar mai. Shekara biyar zuwa bakwai ne, ta ƙarshen intanshif ce ta cikakkiyar shekara wadda ake raba wurare ta wani tsarin kwamfuta na APPIC, kamar dai hausmanshif na likitocinmu, bayan nan jihohi da yawa suna neman ƙarin awanni ƙarƙashin kulawa, sai jarrabawar EPPP sannan lasisi. Wani abin da zai miki daɗi, basa buƙatar mastas, da digirin farko ake shiga, amma suna son ganin kin taɓa bincike da hannunki.

Tarkon da ya kamata ki sani shine PhD zalla a saikolojin lafiya, ko a Ingila ko a Amurka irin na jami'ar UCLA, ba ya baki izinin duba mara lafiya. A Ingila tun 2009 doka ta kare sunan mai saikolojin lafiya, wanda bai yi rajista da HCPC ba in ya kira kansa da shi ya yi laifi ko da PhD uku gare shi. Akwai masu haɗawa, suna PhD suna tara shaidar mataki na biyu a gefe, jami'ar Surrey ta yi suna a wannan tsarin, kuma ga wanda ya samu sikolashif ɗin PhD wannan ce dabarar da ta fi ma'ana, sai dai aiki biyu ne a wuya ɗaya.

Toh in gida zaki dawo fa? Ra'ayina, kuma wasu abokan aiki ba zasu yarda ba, PhD ya fi miki. Rajistar HCPC ba ta da kujera a tsarin ma'aikatan asibitocinmu, gurbin da ake ɗauka shine na mai saikolojin asibiti, jami'a kuma da manyan ƙungiyoyin lafiya PhD da takardun da kika buga suke kallo, ki je da digirin ƙwarewa sai kin tsaya kina yi wa kwamitin ɗaukar aiki bayanin cewa shi ma dakta ne. Hanyar da na ga tana yi wa mutane aiki ita ce mastas na saikolojin asibiti a gida, Jos ko Ibadan ko Nsukka ko Legas, ki yi horon asibitinki ki shiga ƙungiyar masu wannan aiki ta Najeriya don ki samu damar ganin marasa lafiya, sannan ki yi PhD a kan matsalar lafiyar jiki, a gida ko a waje. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ɗan buɗe ido kan buƙatar irinku amma kar ki ɗauka gurabe sun cika gari.

Kuma maganar gaskiya matsalolin da suka cancanci digirin dakta suna nan jibge a ƙofar gidanmu. Ki tuna yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta bazu har Yaman da Indonesiya, maganin yana nan a firji ba a rasa shi ba, yarda aka rasa, kuma mutane basu manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 lokacin sanƙarau ba. Ba sabon magani ne ya gyara ba, sai da aka koma ta hannun sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida, a haka har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna a Agustan 2020. Wannan daga farko har ƙarshe darasin fanninki ne. Ga sikila, ana haifar yara kusan 150,000 da ita a Najeriya duk shekara, Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, amma me ke faruwa a zuciyar saurayi da budurwa da iyayensu ranar da sakamako ya fito AS da AS bayan an riga an kai kuɗin gaisuwa, wa yake zama dasu, me yake ce musu, nawa ne suke zuwa su nemo takardar bogi? Ga mai ciwon suga da azumi, likita yace kar ka yi, shi kuma yana jin kunyar a ganshi yana ci. Ga matan da aka yi wa aikin yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga na Katsina an ɗinke jiki amma komawa cikin mutane ya gagara.

Abinda yake ɓata min rai da yawancin kundayen da nake gani shine a ɗauko takardar tambayoyi da aka tsara wa mutanen wata ƙasa a raba wa mutum ɗari uku a asibiti a zuba a manhajar lissafi ta SPSS a ce an gama. Yawancin ra'ayoyin masana kan ɗabi'ar lafiya da ake ciro waɗannan tambayoyin daga cikinsu, tun daga wanda ma'aikatan lafiyar Amurka suka ƙirƙiro a shekarun 1950 don gane me yasa mutane basa zuwa hoton ƙirji na tarin fuka kyauta, an gina su ne a kan mutum ɗaya mai yanke wa kansa hukunci. A wurinmu matar da kike tambaya ko tana da niyyar haihuwa a asibiti ba ita kaɗai ke da ta cewa ba, akwai maigida, akwai uwar miji, akwai kuɗin mota da tsakar dare. Wadda ta zauna ta gyara ra'ayin ya dace da wannan, ta gwada shi, ita ce ta yi aikin dakta, kuma irin wannan ne sufabaiza na waje yake ɗokin gani saboda shi ba zai iya samo shi daga ofishinsa ba.

Tun yanzu ki fara rubuta abinda kike yi a wurin aiki, mutum nawa kika zauna dasu, wane horo kika bayar, wa ya duba aikinki, ba tare da sunan kowa ba. Ki ƙarfafa lissafin kididdiga da hanyar bincike ta hira, ki nemi wani malami ku buga ko takarda ɗaya ce tare da izinin kwamitin ɗa'a na asibiti, don ba a buga bayanan marasa lafiya haka kawai. In Ingila ce ki tura takardunki BPS ki ji matsayin GBC ɗinki kafin ki kashe ko sisi a kan fom, sannan duk makarantar da kika yi wa saƙo ki tambaye su kai tsaye ko suna ɗaukar mai bizar ɗalibi a wannan kwas ɗin, wa yake nemo wurin koyon aiki, kuma ko zasu yarda a yi wani ɓangare na aikin a Najeriya. In PhD ne kuma kar ki tura wa farfesa saƙon "ina sha'awar fanninku", ki karanta takardunsa biyu ko uku, ki rubuta masa shafi ɗaya kan matasan nan naki da suke daina shan magani, nawa ne a cibiyarku, me kika lura dashi, da tambayar da kike son amsawa.